Buɗe Ƙofa Dabam, Karɓar Baƙo Dabam

Hanyar da ta fita daga birnin Kano ta nufi yamma, wadda ake kira titin Gwarzo, ta zama hanyar ilmi a wannan zamani. Matafiyi yana barin gari sai ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wadda ta fara tana ƙaramar kwaleji a 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. In ya ratsa ƙasar Rimin Gado sai ya shiga ƙasar Kabo, inda Gwamnatin Tarayya ta yarda a kafa kwalejin fasaha a 2022, sa'an nan a 2025 aka sa hannu a dokar mayar da ita jami'ar kimiyya da fasaha. Can gaba, kimanin kilomita 70 daga Kano, ga Gwarzo, inda Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano take da reshe mai koyar da ilmin muhalli, watau zanen gine-gine da tsara garuruwa da makamantansu. Daga nan hanya ta zarce Dayi, cikin Jihar Katsina.

Su wa ke zuwa waɗannan makarantu? Akwai ɗan manomi daga Getso ko Garo, wanda bai taɓa kwana a wani gari ba sai nasu. Akwai ɗan birni wanda ya tashi yana jin Turanci tun yana ƙarami. Akwai ɗan Fulanin ruga, da ɗan Maguzawan karkara, da Bayarabe da Ibo da Tibi waɗanda makarantar Tarayya ta jawo daga nesa. Akwai Musulmi, akwai Kirista. Akwai budurwa, akwai matar aure mai goyo. Akwai makaho da kurma da gurgu. Duk waɗannan sukan taru a ɗaki guda, gaban malami guda.

To, ga tambayar da ya kamata a yi wa tunani. Mutumin da ya yi karatu mai zurfi har ya sami digiri biyu ko uku, shin wajibi ne a sake zaunar da shi a koya masa yadda zai koyar da irin wannan taro? Ko kuwa ilmin da yake da shi ya ishe shi? Ƙarƙashin wannan tambaya kuma akwai wata da ta fi ta girma: mene ne adalci tsakanin mutanen da halinsu ba ɗaya ba?

Abin da doka ta yi

Hukuma ta yi nata ƙoƙari wajen buɗe ƙofa. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya akan raba guraben shiga kashi uku: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi cin jarrabawa ne, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 kuwa na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. A 2017 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta kafa wani kwamiti na musamman domin makafi su riƙa yin jarrabawar ta hanyar da ta dace da su, Kano kuwa tana cikin garuruwan da ake yi musu ita. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, a 2020 kuma aka kafa hukumar da za ta kula da al'amarinsu.

Waɗannan duka abin yabo ne. Amma doka iyakarta bakin ƙofa. Tana iya sa a rubuta sunan makaho cikin rajista, ba ta iya sa malami ya karanta masa abin da ya rubuta a allo. Tana iya kawo yarinya daga ƙauye ta zauna a aji, ba ta iya hana a yi mata dariya ran da ta yi kuskuren Turanci. Kowane magidanci ya san buɗe wa baƙo ƙofa abu ne mai sauƙi. Karɓarsa ita ce aiki: a ba shi ruwa, a nuna masa makewayi, a tambaye shi abin da ba ya ci, a sake masa fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙon da aka buɗe wa ƙofa aka bar shi tsaye a zaure ba mai kula shi, bayan an jima da kansa zai ɗauki jakarsa ya tafi, ba kuwa wanda zai ce an kore shi. Haka ɗalibai da yawa suke barin makaranta. Ba a kore su ba, ba a kuma karɓe su ba.

Masu cewa mudu ɗaya ne

Akwai malamai masu gaskiya da tsoron Allah waɗanda suke cewa: adalci shi ne a auna wa kowa da mudu ɗaya. Malami ya shigo ya ba da darasi ɗaya, ya yi jarrabawa ɗaya, ya ba da maki bisa abin da kowa ya rubuta. In ya fara duban wannan makaho ne, wannan mace ce, wannan ɗan ƙauye ne, to, ya buɗe ƙofar son kai, gobe kuma sai ya duba wannan ɗan garinsu ne.

Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Lalle mudun awon ilmi dole ya zama ɗaya. Wanda aka ba takardar shaidar ya iya lissafin ƙarfin gini, in bai iya ba, ginin da zai yi zai faɗo wa mutane, ba kuwa ruwan siminti da tausayin da malami ya ji masa. Rage mudu don tausayi cuta ne ga jama'a, cuta ne kuma ga shi ɗalibin, don an ba shi takardar da ba ta da kome a bayanta.

Amma masu wannan magana sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba, watau mudun awo da hanyar noma. Manomin ƙasar Gwarzo ya san gonar jigawa ba ɗaya take da fadama ba. Lokacin shukarsu dabam, takinsu dabam, irin aikin da kowace take so dabam. Da zai ce don adalci zai yi wa gonakinsa duka aiki iri ɗaya rana ɗaya, da maƙwabta sun ce ya zautu. Yakan ba kowace gona abin da take bukata, ran kasuwa kuwa mudun da za a auna amfaninsu da shi ɗaya ne. Haka al'amarin aji yake. Tambayar jarrabawa ɗaya ce, amsar da ake nema ɗaya ce. In aka karanta wa makaho tambayar, ko aka ba shi ita da rubutun makafi, ba a rage masa mudu ba, an dai kawar masa da shingen da ba shi da dangantaka da abin da ake aunawa. Ana son a san ko ya fahimci darasi ne, ba ana gwada idonsa ba ne.

Saboda haka malamin da ya ba kowa abu iri ɗaya, alhali ya san wani ba zai iya amfana da shi ba, ya yi daidaito a ido kawai. Kamar mai gida ne da ya ajiye wa baƙinsa duka ƙwarya ɗaya a kan rumbu, ya ce kowa ya hau ya ci, bayan yana ganin gurgu a cikinsu.

Tarihi ya nuna irin asarar da jama'a take yi in aka bar shinge. Luwi Birel, wani Bafaranshe da ya makance yana ɗan shekara 3, shi ya ƙago rubutun makafi na ɗigo-ɗigo a 1824, wanda ake karantawa da yatsa har yau. A Masar an yi Daha Husaini, wanda aka haifa a 1889, ya makance tun yana yaro. Ya yi karatu a Azhar, ya sami digirin dakta a 1914, ya ƙaro ilmi a Faransa, har a 1950 ya zama Ministan Ilmi na ƙasarsa. Yawancin littattafan da ya sani karanta masa su aka yi. Da an ce sai ya karanta da idonsa kamar kowa, da Masar ta rasa ɗaya daga cikin manyan masananta.

Masu cewa babban malami ya wuce koyo

Wasu kuma girma suke dubawa. Suna cewa yaya za a ɗauki farfesa mai furfura a zaunar da shi a benci kamar ɗan firamare? Amsar wannan ita ce, sanin abu dabam, iya koyar da shi dabam. Maƙeri yana iya zama gwanin ƙira, amma ya kasa fitar da almajiri ko ɗaya. Abin mamaki ma shi ne, a ƙasar nan ba a yarda mutum ya koyar a firamare ba sai yana da takardar shaidar malanta ta NCE, amma malamin jami'a yawanci digirinsa na fanninsa ake dubawa a ɗauke shi aiki. Da yawa ran da suka fara tsayawa gaban aji ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi, sai su kwaikwayi yadda nasu malaman suka yi musu. In malaman nasu ba su taɓa koyar da kurma ba, to, su ma ba su san ta inda za su fara ba. Wannan ba mugunta ba ce, rashin sani ne, maganinsa kuwa koyo. Gemu ba ya hana ilmi.

Koya wa malami yadda zai kai ilmi ga waɗanda aka bari a baya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da suke koyar da almajirai na nesa su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka ba su iya barin gidajensu su zo Sakkwato neman karatu. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta koyar da su, ta naɗa kowace ta zama jaji, ta ba ta malafa alamar muƙami, ta tura su ƙauyuka. Waɗannan su ne shugabannin 'yan taru. Ta kuma tsara darussan cikin waƙa da Hausa da Fulatanci, don mace ta iya haddace su tana daka ko kaɗi. Abin da aka koyar bai ragu ba, hanyar kai shi ce aka gyara, an kuwa fara ne da horar da masu koyarwa.

A zamanin Turawa ma da horon malamai aka fara, shi ya sa aka kafa Kwalejin Katsina a 1921. Daga baya aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Oyo a 1977 domin horar da malaman masu bukata ta musamman. A Kano akwai makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen da ke nazarin wannan fanni. Ashe masanan suna nan kusa, a kan titin nan na Gwarzo. Abin da ya rage shi ne iliminsu ya fita daga sashensu ya kai ga malamin lissafi da na injiniya da na zanen gini.

Abin da ya kamata a koya

Horon da ake magana ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Yawancinsa ƙananan abubuwa ne waɗanda in an faɗa sai mutum ya ce ai da ma haka ya kamata. Malami ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo da baki, kada ya ce “wannan da wancan” yana nuni, don makaho ba ya ganin inda yatsa ya nufa. Ya fuskanci aji in yana magana, don mai ƙarancin ji yana taimakon kansa da duban leɓe, in kuwa akwai mai fassara da hannu a ba shi wurin tsayawa inda za a gan shi. Ya ba da takardun darasi tun da wuri, kuma cikin sigar da kwamfuta ko waya za ta iya karanta wa makaho. In akwai mai keken guragu a aji, a mai da darasin ɗakin ƙasa.

Game da harshe, malami ya gane cewa yaron da ya fito daga makarantar ƙauye yana iya fahimtar lissafi sarai, Turancin da aka naɗe lissafin da shi ne yake ba shi wuya. Kada ya ɗauki nauyin baki a kan nauyin ƙwaƙwalwa. Ya bayyana sabuwar kalma kafin ya yi aiki da ita, ya kuma hana a yi wa kowa dariyar lafazi. A wani gefen kuma, in ya juya darasi gaba ɗaya zuwa Hausa alhali akwai ɗan Binuwai ko ɗan Inugu a aji, ya sani ya rufe wa wancan ƙofa kamar yadda Turanci ya rufe wa wannan.

Game da addini da al'ada, a tsara lokacin darasi da jarrabawa yadda ba za a sa ɗalibi ya zaɓa tsakanin karatunsa da sallar Juma'a ko sujadar Lahadi ba. Malami ya kiyaye harshensa daga ba'ar ƙabila, ko da yana ganin wasa ne, don wasan mai iko a kan wanda ba shi da iko ba wasa ba ne. Ya lura ko maza kaɗai yake kira su ba da amsa. Ya san cewa mace mai ciki ko mai jego tana iya bukatar a sake mata ranar gwaji, ba tare da an rage mata tambaya ko ɗaya ba. Wajen duba takardun jarrabawa kuma a yi aiki da lamba maimakon suna, don zuciya takan karkata ba da sanin mai ita ba.

Horon kuma bai tsaya ga malamai ba. Mai gadi a bakin ƙofa, da akawun ofishin rajista, da mai kula da laburare, da mai kula da ɗakin kwana, su ne baƙo yake fara gani. Kalma ɗaya ta wulaƙanci daga bakin akawu tana iya rushe abin da malami ya yi wata uku yana ginawa.

Makarantar Gwarzo tana da wani nauyi na musamman a nan. Ɗalibanta su ne gobe za su zana asibitoci da kasuwanni da masallatai da makarantu. In malaminsu ya saba musu da tunanin gurgu da makaho da tsoho tun suna zanen farko, to, amfanin horon malami guda zai bazu cikin gine-ginen jiha baki ɗaya.

Horon gaske da na jeka-na-yi-ka

Akwai wata suka da ta fi sauran gaskiya. Mutane suna cewa irin wannan horo taron shan shayi ne: a taru kwana biyu a otal, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a karɓi alawus, kowa ya koma yadda yake. Lalle hakan yana faruwa, kuma ɓarnarsa ta fi ta rashin horon, don yana sa shugabanni su zaci an gama aikin. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba da kuɗin ƙaro ilmin malaman manyan makarantun gwamnati, saboda haka dukiyar jama'a ce ake kashewa, tilas a tambayi amfaninta.

Ana gane horon gaske da alamu huɗu. Na farko, yana ɗorewa, ana komawa kansa kowace shekara. Na biyu, malamai suna shiga ajin juna su ga yadda ake yi, su gyara wa juna cikin mutunci. Na uku, ana tambayar su ɗaliban da kansu, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake zuba masa. Makaho ya fi kowane farfesa sanin abin da ke wahalar da makaho. Na huɗu, makaranta tana ƙidaya: mata nawa suka shiga, nawa suka gama, naƙasassu nawa suka shiga, nawa suka bari a hanya, kuma don me. Makarantar da ta san yawan waɗanda ta ɗauka, ba ta san yawan waɗanda suka salwanta ba, kamar makiyayi ce da ke ƙirga shanunsa da safe kaɗai.

Sabuwar makaranta irin ta Kabo tana da sa'ar da tsofaffin ba su samu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yin gangaren keke lokacin da ake gini ya fi fasa matakala daga baya araha, saba wa sabon malami da kyakkyawar ɗabi'a kuma ya fi raba tsoho da tasa sauƙi.

Hakki ne, ba sadaka ba

Sauran abu guda, wanda shi ne tushen maganar. An saba a ƙasar nan a ga makaho ko gurgu sai hannu ya tafi aljihu. Sadaka aikin lada ce, amma in malami ya shiga aji da zuciyar mai ba da sadaka, zai yi ɗayan biyu: ko ya ba ɗalibin makin da bai ci ba, ko kuwa ya riƙa jiran godiya a kan abin da yake wajibinsa. Duka biyun ƙasƙanci ne. Makarantar gwamnati da harajin kowa aka gina ta, har da na uban makaho da na mijin mai goyo. Ɗalibin da ya cika sharaɗin shiga yana da hakkin a koyar da shi yadda zai gane, yana kuma da hakkin a gaya masa gaskiya in bai yi ƙoƙari ba.

Karɓar juna kuma ba ya nufin kowa ya bar addininsa ko al'adarsa. 'Yan kasuwar ƙauye sukan zauna rumfa kusa da rumfa shekara da shekaru, kowa da abin da ya gaskata, abin da ya haɗa su shi ne mudun gaskiya da kyakkyawar magana. Iyakar abin da ake nema ke nan daga malami da ɗalibi.

Mai karatun da ya koyi baƙi da wasali bayan ya girma, ko a ajin Yaƙi da Jahilci ko a na Hukumar Ilmin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980, ya fi kowa gane wannan magana. Ya san nauyin da dattijo yake ji ran da ya fara riƙe fensir gaban mutane. Ya san malamin da ya yi haƙuri da shi har hannunsa ya faɗa, ya kuma san waɗanda suka daina zuwa aji don an ba su kunya sau ɗaya. Abin da ya gani a ƙaramin aji shi ne yake faruwa a jami'a. Saboda haka in yana da ɗa makaho ko 'ya mai ƙwazo, kada ya yanke musu hukunci tun a gida cewa wurin ba nasu ba ne. In kuma ya sami zama da shugabannin makarantar garinsu, ko da wakilin da ya zaɓa, bayan ya tambayi yawan ɗakunan da aka gina, ya ƙara da tambaya ɗaya: an koya wa malaman yadda za su karɓi duk wanda ya shigo?